Numfashin Motar Alhaja Mulikatu

Ku ajiye na'urar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Tun hantsi nake kallonku kun jona ta a jikin motar mutane, kun haɗa kawuna kuna jira ta faɗa muku ciwon. Har na ji ɗayanku yana cewa kanikanci ya zama wasan yara, wai yanzu mota da bakinta take faɗin abin da ke damunta. To madalla. Ga ta nan tana fitar da baƙin hayaƙi, da an taka totur ta mutu, na'urar taku kuma ta ce mai ya yi wa injin yawa. Wannan ai ko mai rake da ke bakin gareji hancinsa ya riga ya gaya masa. Dalilin da ya sa man ya yi yawa, nan aikin yake. Ku matso inuwa ku zauna, rana ta yi zafi, in ba ku labarin wata mota.

A Sabon Gari na koyi aiki, a hannun wani Ibo da ake kira Oga Bonifes. Garejinsa fili ne kawai kusa da layin dogo, sai bishiyar darbejiya guda da benci a ƙarƙashinta. Kayan aikinsa ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba: sifanoni, filaya, guduma, wata doguwar sukudireba da yake kara bakinta a jikin inji ya ɗora kunne a mariƙinta, sai wata siririyar waya da ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya. Doka biyu ya kafa mana. Ta farko, ba a taɓa mota sai an saurare ta. Ta biyu, duk abin da ka cire daga jikin mota, ko da ƙusa mai tsatsa ce, a tafin hannun mai motar za ka saka shi, shi ya san yadda zai yi da abinsa.

Wata rana an kawo wata motar haya mai hayaƙi, ni kuwa na zaƙe, na ce a rage mata mai a kafireta magana ta ƙare.  Oga Bonifes ya ɗauko tsumma mai tsabta ya ɗaure min baki da hanci, ya ce in taka a hankali zuwa gindin darbejiya in dawo. Na je na dawo ina dariya a cikin tsumman. Sai ya ce to yanzu da gudu. Ban kai rabin fili ba tsumman ya manne min a hanci, idona ya yi duhu, na durƙushe ina fizgar abin.

"Ado, ka gani ko?" in ji shi. "Mai abincin inji ne, iska numfashinsa. In ka ga ya ƙoshi amma ya kasa gudu, kada ka tsaya a kan kwanon abinci kawai."

Tun daga ranar kunnena ya buɗe. Idan an ci abincin rana kowa ya kishingiɗa, ni sai in kwanta a benci in rufe ido. Jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, ganyen darbejiya na zubo min a ƙirji, motoci na wucewa ta bayan katanga, kowacce da irin numfashinta. Wata tana haki kamar tsoho a kan tudu, wata tana ja a natse kamar jariri mai barci. Ban san lokacin da nake shiga barci ba, don a mafarkin ma su nake ji. Har yau da furfurata, in na rufe ido da azahar, wannan filin nake komawa.

Bayan an yaye ni na buɗe nawa wurin a nan Fagge, aiki yana tafiya, sai ga shekarar wahalar mai. Ku ba ku ga irinta ba. Layin motoci yakan taso daga gidan mai ya miƙe har ya kusa shataletalen Bata, mutum ya bar motarsa a layi ya tafi harkarsa a ƙafa. 'Yan bumburutu suka cika bakin titi da galan-galan, wasu su sirka fetur da kananzir. Mu kanikawa muka zauna zaman kashe wando, don wanda bai samu man tuƙi ba me zai kawo gyara? Dara muka riƙa yi a ƙasa da tsofaffin fulogai. Abin da ya fi muni a shekarar shi ne zargi. Duk direban gida ya zama abin kallo da gefen ido, in allurar mai ta sauka sai a dubi bakinsa ko yana warin tiyo.

A cikin wannan hali aka turo min motar Alhaja Mulikatu. Alhaja Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, dillaliyar shadda da atamfa a Kantin Kwari. Motar ta marigayi mijinta ce, Alhaji Rasaki, tsohuwar doguwar mota kirar Faransa, mai kafireta, ruwan toka, wadda ta sha ɗaukar dilolin yadi tsakanin kasuwa da tashar jirgi. Direbanta Baba Okeke, dattijo daga Sabon Gari, shi yake tuƙa gidan tun kafin a haifi babban ɗansu Tajuddin. Mutum ne marar magana, kullum da farar riga mai aljihun gaba, da carbinsa na coci a ciki.

Da masu turi suka tafi, ya zauna a bencina ya share gumi ya ba ni labari. Tun bayan sadakar arba'in ta Alhaji motar ta canza. Man da yake kai ta mako ya daina kai ta rabinsa. In tana tsaye tana silo, lafiya lau, ka saka giya ka ja a hankali ma za ta bi ka, amma da ka taka ta don ta yi gudu sai ta yi tari ta mutu. An kai ta wurin kanikawa biyu, kowanne ya ce ya gyara, a gabansa tana ruri, ana hawa titi ta koma gidan jiya. Tajuddin, wanda yanzu harkar shago ta dawo wuyansa, ya haɗa lissafinsa: a gaban bakanike lafiya, a hannun direba ciwo, mai kuma yana ɓacewa. Ya yanke cewa Baba Okeke yana zuƙe fetur ya sayar, ya cike gurbin da kananzir. Ya ce in mako ya ƙare ba a ga wani dalili ba, a ajiye masa makulli.

"Ado, ba aikin nake ji ba, na tsufa, ko yau na zauna 'ya'yana za su ciyar da ni," in ji Baba Okeke. "Amma in na fita daga gidan nan da sunan ɓarawo, da wane ido zan shiga coci?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ban kuma ga baƙin Tajuddin sosai ba, yaro ne da nauyi ya faɗo wa a mummunar shekara, ga shi kowa a kasuwa yana ba shi labarin direbobi. Sai dai zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Da fulogai na fara, don su ne harshen inji, su ake dubawa kamar yadda likita yake cewa ka buɗe baki. Fulogi mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake. Waɗannan duka baƙi ƙirin, busasshen baƙi irin na gindin tukunya, ba mai maiƙo ba, wato ba baƙin mai ne yake haurowa ba, fetur ne yake yawa ba ya ƙonewa duka. Na ɗebi man tanki na zuba a tafin hannu na hura. Ya tashi fes bai bar maiƙo ba, babu kananzir ko ɗigo. Na ji sanyi a raina, amma na san tafin hannuna ba shaida ba ce a wurin Tajuddin.

Na kwance murfin matatar iska, wadda muke kira iyakilina, na ajiye shi gefe don in ga kafireta. Matatar sabuwa dal, bakaniken baya ya canza ta. Cok, ɗan marfin da yake rage iska a bakin kafireta, a buɗe yake, bai maƙale ba. Na ciro fulot, ɗan abin nan da yake yawo a kan mai yana rufe ƙofa in kofin ya cika, na kaɗa shi a kunne ko ya sha mai ya nutse, shiru. Na ɗaga jet, ɗan ƙarfen da mai yake fita ta raminsa, na duba a hasken rana ko wani gwani ya faɗaɗa ramin da allura, yadda wasu suke yi, ramin daidai yake. Na wanke komai na mayar, na tayar da ita, na ja totur da hannu. Motar ta yi ruri har mai shayin tsallake ya ɗago kai. Na ɗaura murfi, na rufe bonet, na ce Baba shigo mu zaga. Muna isa Bata na taka ta don in wuce wata amalanke, ta yi tari biyu ta mutu a tsakiyar 'yan kasuwa, ana ta yi mana oda.

Haka muka yi ta yi, yau in zargi wannan, gobe wancan, makon yana tafiya. Tajuddin ya leƙo sau ɗaya, na nuna masa man a tafin hannu, ya ce cikin ladabi ai bakanike da direba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba ya tsammanin in tona asirin abokin hulɗata. Na haɗiye maganar, na koma kan aikina.

Ranar da ya rage saura kwana ɗaya, bayan azahar, gajiya ta kwantar da ni a benci. Motar tana nan a haɗe, bonet a rufe. Baba Okeke ya shiga ya zauna a mazauninsa, ina jin don ya yi sallama da ita ne, yana tayar da ita, ya taka, ta mutu, ya sake. Ni kuwa barci yana ɗaukata yana saukewa. Na ji kukan jirgi daga nesa, na ga kaina a filin Sabon Gari, ganye yana zuba, Oga Bonifes da ya daɗe da komawa garinsu yana tsaye da tsumma a hannu yana kallona. A cikin wannan rabin barcin na ji wani ɗan sauti da ban taɓa lura da shi ba. Kafin kowace mutuwa akwai wani "tuf" ƙarami, irin na wanda ya kifa tafin hannu a bakin tulu. Kuma ba daga inji yake fitowa ba, daga can gaba ne, wajen fitilar dama.

Na tashi zaune. Ashe mu duka ukun da muka taɓa motar abu ɗaya muke yi, kuma haka kowane bakanike yake yi: sai mun cire murfin iyakilina sannan mu gwada kafireta. Wato sai mun kwance mata tsumman sannan mu ce ta yi gudu, ta kuwa yi. Daga murfin nan akwai wani baƙin bututu da ya lanƙwasa ya sauka bayan fitila, ta nan take shaƙar iskar waje. Ba wanda yake leƙa shi, don ba abin da yake lalacewa a cikinsa.

Na ɗauko wayar nan mai ƙugiya da Oga Bonifes ya ba ni ranar yaye, na zura. A lanƙwasar bututun ta taɓa wani abu mai laushi. Na jawo a hankali, sai ga ƙunshi kamar girman ƙwan agwagwa, an naɗe shi da shuɗiyar shadda an ɗinke da zare. In motar tana silo, yana kwance a lanƙwasa, iska tana ratsawa ta gefensa da ƙyar. Da an taka totur sai zuƙar iska ta ɗaga shi ta kai shi maƙogwaron bututun ya toshe. Inji ya nemi iska ya rasa, sai ya zuƙo fetur a madadinta har ya shaƙe. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Baba Okeke ya karɓa ya juya shi, ya taɓa da yatsa, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan shaddar ta rigar Alhaji ce ta ƙarshe, abin da ke ciki kuma layar da take rataye a madubin motar ce tun ranar da aka sayo ta. Bayan rasuwar, Tajuddin ya cire ta ya miƙa wa mahaifiyarsa, ya ce shi ba ya son irin waɗannan abubuwa, a dogara ga Allah kawai. Baba ya roƙe ni kada in nuna. Ya ce in jefar, in ce datti ne, kada a kunyata Alhaja a gaban ɗanta tana cikin baƙin ciki. Na ce masa in na ce datti ne Tajuddin zai ce mun haɗa baki, kuma in ba ta sani ba gobe wata za ta sake turawa. Ban da haka ni ban taɓa jefar da abin da na cire daga motar mutum ba. Na yi masa alkawari ɗaya, cewa bakina ba zai faɗi ko na wane ne ba.

Washegari da la'asar suka zo, Alhaja da Tajuddin, shi cikin farar shadda sabuwa. Na sa shi da kansa ya tuƙa motar ya zaga har tashar jirgi ya dawo. Ya fito yana mamaki, ya ce ko lokacin Alhaji ba ta fi haka ba, ya tambayi abin da na canza. Na ce ban canza komai ba, abu na cire. Na taka zuwa benci inda Alhaja take zaune, na rusuna, na saka mata ƙunshin a tafin hannu, na ce, "Alhaja, ga abin da na samu a hanyar iskarta."

Ta dube shi, ta dunƙule hannun a hankali, ta ja shi ƙarƙashin mayafi.  Da ta so, shi ke nan magana ta mutu a nan. Tajuddin ya ce, "Mama, mene ne?" Kafin ta buɗe baki Baba Okeke ya riga ta.

"Tsumman goge-goge ne, nawa ne. Ni na manta shi."

Tajuddin ya juya ya dube shi, na ga ya buɗe baki zai faɗi abin da ba zai ɗauku ba. Sai Alhaja ta fito da hannun ta buɗe.

"Ba nasa ba ne. Ni na saka."

Ta faɗa a natse, idonta a kan ƙunshin. Ta ce wata Lahadi Baba ya wanke motar ya bar bonet a buɗe don ta sha iska, ya tafi coci. Ita kuma ta kasa jefar da layar, ta kasa barin motar ta fita babu ita, don tun tana amarya ba ta taɓa ganin an hau hanya ba tare da ita ba. Ta zaga motar tana neman inda ido ba zai kai ba, ruwa ba zai taɓa ba, sai ta ga wani rami mai duhu a bayan fitila. Da sandar awon yadi ta tura ta ciki. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa ramin yana da aiki.

"Tsoro nake ji kada hanya ta cinye min ku, bayan na rasa shi," ta ce. Ta juya wajen Baba Okeke. "Baba, ni na shanye man, kai ka ɗauki sunan. Ka yafe mini."

 Ku dubi ƙasar garejin nan, baƙin man shekaru ne ya zama daɓe. A kanta Tajuddin ya kwanta rub da ciki da farar shaddarsa, yadda Yarabawa suke yi wa iyayensu, goshinsa dab da takalmin Baba Okeke. Dattijon ya sunkuya yana ɗaga shi yana cewa tashi, tashi, ni na kai ka makaranta a motar nan, kada ka ɓata kayanka. Ni dai na juya na shiga tattara sifanoni, don idona ya kawo ruwa.

Saura layar. Alhaja tana riƙe da ita ba ta san inda za ta kai ta ba. Ɗanta ba ya son ta a madubi, kuma ni ba malami ba ne balle in sa baki, iyakacina na ce ko'ina ban da bututun nan. Baba Okeke ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya buɗe aljihun gaban rigarsa, ya saka ta kusa da carbinsa, ya ɓalla maɓallin.

"Ni ke tuƙi, kullum ina cikin motar," ya ce. "A nan ba za ta toshe wa kowa numfashi ba."

Tajuddin ya kawar da kai, ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa, sannan ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu. Na tsaya a bakin titi ina sauraronta tana tafiya wajen Kantin Kwari, babu hayaƙi, tana jan iska a natse har sautin ya narke cikin hayaniyar gari.

To ku tashi. Ku mayar da duk abin da kuka kwance a motar can, ku rufe bonet yadda mai ita yake hawanta. Ɗaya ya shiga ya taka, sauran ku zagaye ta ku yi shiru.